Awaki Sun Hana Ni Sakat a Lambu

Tambayar yau daga wani mai sauraronmu ce a Bichi. Ya ce awakin unguwa sun cinye masa latas da alayyahu, me zai yi?

To Malam, sannu da haƙuri. Da rani ake sakin dabbobi, kuma lambunka ne kaɗai ɗanyen ganye a gabansu. Maganin gaggawa shi ne darni na kara, ka jera ƙayar magarya ko aduwa a gindinsa, domin akuya ta ƙasa take kutsawa. Ka duba ƙofa ma, yawanci nan ake sakaci.

Amma darni gara ke cinye shi. Shingen da zai daɗe shi ne na aguwa ko bini-da-zugu, waɗanda awaki ba sa ci. Ka yanko rassa, ka kafa su kusa-kusa gab da faɗuwar damina. Sai dai ka ja kunnen yara, 'ya'yan bini-da-zugu guba ne.

Don Allah kada ka sa guba ko ka karya dabbar maƙwabci. Ka kama ta, ka kai wa mai unguwa, a kimanta ɓarnar a biya ka. In kuma lambun ya shiga burtali ko hanyar mashaya, sai ka ja shingenka baya.