Malamin Ƙididdiga, Rage Alli Ka Ba Su Aiki

Malam, idan kai ke koyar da ƙididdiga ga 'yan ajin farko a jami'a, ka san yadda ake yi: a cika allo da ƙa'idojin lissafi, ɗalibai su haddace, su juye a jarrabawa, bayan mako biyu babu abin da ya rage a ka.

Amurkawa sun daɗe suna bin diddigin wannan matsala. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta ƙasar ta amince da rahoton GAISE kan koyar da ƙididdiga a 2005, aka sabunta shi a 2016. Shawararsa ita ce a koyar da tunani, a yi aiki da bayanai na gaskiya, a bar wa kwamfuta wahalar lissafi. A 2014 kuma Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 kan darussan kimiyya, injiniyanci da lissafi. Inda lacca kawai ake yi, kusan kashi 34 cikin ɗari ke faɗuwa. Inda ɗalibai ke aiki da hannunsu, kusan kashi 22.

To, gwada wannan. Kowane ɗalibi ya jefa kwabo sau goma (in an samu kwabon, don yanzu ya yi wuya), ya ƙirga sau nawa fuska ɗaya ta fito, ya zo ya ɗiga a allo. Ɗigon zai taru wajen biyar. Takwas za ta fito, amma jefi-jefi. Sai bayan sun gani da idonsu za ka kawo zancen gwajin hasashe. Cunkoson aji ba uzuri ba ne, don yawan ɗigo shi ke fito da siffar sosai.

Don Allah jarrabawar ma ka gyara ta: ba su sakamakon lissafin, ka ce su faɗi abin da yake nufi.