Jarin Farko Ba Kuɗi Kaɗai Ba Ne

Aikina shi ne zuba jari daga aljihuna a ƙananan kamfanonin intanet tun suna rarrafe, lokacin da banki ba ya ko kallonsu saboda ba su da abin jingina. Abin da nake so masu hannu da shuni da matasa masu neman jari su gane shi ne, a wannan mataki lokacin da mai jari ke bayarwa wajen renon kamfani ya fi kuɗinsa amfani. Abin da ya fi kashe sabon kamfani shi ne gina manhajar da babu mai buƙatarta, kuma kuɗi ba ya gyara wannan kuskure, sai dai ya ƙara masa kwana. A 2009 cibiyar Y Combinator ta Amurka ta ba Airbnb, kamfanin hayar ɗakuna ta intanet, dala 20,000 kacal. Amma Paul Graham na wannan cibiya ya matsa wa samarin da suka kafa kamfanin su tafi New York inda masu hulɗa da su suka fi yawa, suka bi gida-gida suna sauraron masu ba da hayar ɗakuna, suna ɗaukar hotunan ɗakunan da kansu. Daga nan kasuwa ta fara buɗewa. Paystack na Legas ma ya shiga wannan cibiya a 2016, kuma a 2020 kamfanin Stripe ya saye shi kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 200.

Renon da nake nufi aiki ne na zama da gumi. Duk mako a buɗe kwamfuta tare, a duba alƙaluma: cikin waɗanda suka yi rajista makon jiya, mutum nawa suka dawo? Kuɗin da ke asusu wata nawa zai kai? Kwastoma nawa shugaban kamfanin ya yi magana da su baki da baki? Sannan mai jari ya ɗauki wayarsa ya haɗa masu kamfanin da lauya ko babban ɗan kasuwan da ba zai amsa kiran baƙo ba. Kamar ubangida ne a Kantin Kwari, wanda ba ya yaye yaronsa da kaya kawai, sai ya nuna masa dillalai ya koya masa ciniki.

Wani zai ce ai mai jari Andy Bechtolsheim ya rubuta wa Google cakin dala 100,000 a 1998 bayan ɗan gajeren bayani, kuma ya ci riba. Gaskiya ne, amma Google bai rasa mai reno ba, domin Ram Shriram ya zuba nasa jarin kuma ya zauna a hukumar gudanarwarsa tun farko. Wani kuma zai ce renon kan rikiɗe ya zama katsalandan. Wannan tsoro yana da tushe, maganinsa kuwa a rubuta iyaka tun ranar yarjejeniya: mai jari ya yi tambaya ya ba da shawara, mai kamfani ya yanke hukunci, kuma kason da za a karɓa ya zama kaɗan yadda ba zai karya masa gwiwa ba.

Ba na ɓoye cewa yawancin irin waɗannan kamfanoni rushewa suke yi. Hannun jari ne ba bashi ba, don haka ana tarayya a riba da asara, babu kuɗin ruwa. Saboda haka kada mutum ya zuba abin da asararsa za ta taɓa cefanen gidansa, kuma kada ya karɓi kamfanoni fiye da waɗanda zai iya zama da su. Kai kuma matashi, kafin ka karɓi kuɗin kowa, tambaye shi awa nawa zai ba ka a wata, kuma ka nemi jin ta bakin waɗanda ya rena kafin kai.