Garin Da Aka Zana A Takarda

Ya kai mai karatu, ka sani gari iri biyu ne. Akwai wanda ya tsiro da kansa, akwai kuma wanda hukuma ta zana a takarda tun ba a aza tubali ko ɗaya ba. Riruwai irin na farko ne. Kuza ta tara mutane a duwatsun nan, kowa ya kafa gidansa kusa da wurin aikinsa. Mai zama hakanan ba ya bukatar mota kafin ya kai inda zai nemi abinci.

In ka taɓa shiga mota a Doguwa, ka ratsa dajin Falgore, ka wuce Tudun Wada da Kwanar Dangora har ka sauka Kano, watakila ka ga iri na biyu, watau Sabon Gari. Turawa suka yanka shi a shekarar 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, domin baƙi ma'aikatan reluwe da na kantuna. Dubi hanyoyinsa, miƙaƙƙu, suna gitta juna kamar gidan dara. Amma bai yi nisa da tashar jirgi ba, saboda haka ƙafa da keke sun wadatar a zamanin nan.

Wahala ta kan zo sa'ad da garin ya yi faɗi ƙwarai. Ga misalin Abuja. Ran 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwa za a gina sabon babban birni a tsakiyar Nijeriya. Gwamnati ta taso daga Ikko, watau Legas, ran 12 ga Disamba 1991, zamanin Janar Babangida. Masu zanen ba su manta da talaka ba, gama sun keɓe fili inda bas da jirgi za su riƙa bi. Amma da aka zo gini, ofisoshi da gidajen manya da hanyoyin ƙananan motoci aka sa gaba. Kuɗin hayar ɗaki ya fi ƙarfin masinja da mai gadi da birkila, sai suka koma Kubwa da Nyanya da Karu, waɗansu har Mararaba cikin Jihar Nasarawa. Kowace safiya su kwararo birni, da maraice su koma.

To, da me za su zo? A 2006 Malam Nasiru El-Rufa'i, ministan birnin a lokacin, ya hana acaɓa a tsakiyar gari, aka kawo manyan bas, har jama'a suka laƙaba musu sunansa. A 2013 kuma aka hana ƙananan bas masu koren fenti shiga tsakiyar birni. Manyan kuwa ba su ishi jama'a ba. Sai mutum ya tsaya bakin hanya, ya faɗa kowace mota ta tsaya masa, ɓarayi ma suka sami ƙofa, suna shigar direbobin haya. An buɗe jirgin cikin gari a 2018, ya tsaya a 2020 saboda annobar korona, aka sāke tashinsa a 2024, amma hanyarsa ba ta bi ta Nyanya da Mararaba ba. Don haka in ƙanenka ya ce maka ya sami aiki a Abuja, kada ka tambaye shi albashi kaɗai. Tambaye shi inda zai kwana, da mota nawa zai shiga kafin ya kai wurin aikin.

Kada ka ce ko'ina haka ya ke. A Ingila akwai wani gari kusa da Libaful, sunansa Runcorn, wanda aka ƙulla faɗaɗa shi ya zama sabon gari a 1964. Su can hanyar bas suka fara shatawa, sa'an nan suka jera unguwanni a gefenta. Siffarta kamar lamba 8, babbar kasuwa tana tsakiya inda kewayen biyu suka haɗu, ba kuwa a yarda wata mota ta hau ta sai bas. Nufinsu kada mutum ya yi tafiyar da ta wuce minti biyar daga ƙofar gidansa zuwa wurin tsayawar bas. Aka fara buɗe ta a 1971, da aka gama tsawonta ya kai wajen mil 14.