Darasi: Lokutan Shekara, Giya da Fid da Rai

Kowane manomi ya san lokacin tsutsa da lokacin fara. Damuwar zuci ma tana da nata lokutan, kuma ya kamata mu san su.

Me bincike ya nuna?
A 1897 wani masani ɗan Faransa, Emile Durkheim, ya nuna cewa a Turai mutane sun fi kashe kansu lokacin da gari ya fara ɗumi, ba a tsakiyar sanyi ba. Wani bincike na 2018 ya gano cewa idan zafin wata ya ƙaru da digiri 1, kisan kai yana ƙaruwa da kashi 0.7 cikin ɗari a Amurka, kashi 2.1 a Meziko. Zafi yana hana barci, rashin barci kuwa yana gajarta haƙuri.

A wurinmu fa?
Bazara: daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40. Ku tuna da samarinmu 'yan cin rani a birni. A unguwanni irin su Yakasai gidaje a cushe suke, dare ma ba ya sanyi, ga kewar gida. An hana sayar da giya a Kano, amma akwai ƙwayoyi da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta haramta a 2018.

Damina: a watan Agusta rumbu ya yi ƙasa, bashin taki yana kai, maganin feshi kuma yana cikin ɗaki.

Kaka: kuɗi sun shigo, dawa tana komawa burkutu. Hatsin da aka sha a Disamba shi ne yunwar Agusta.

Giya ba ta kore baƙin ciki. Tana ƙara shi, tana kuma cire birkin hankali, har mutum ya aikata abin da ba zai yi ba da idonsa biyu.

Me za mu yi?
1. Mu kulle maganin feshi, mabuɗin yana hannun wani amintacce.
2. Mu ware hatsin shekara kafin a sayar da ko tiya ɗaya.
3. Wanda ya ce ya gaji da duniya, mu tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa mutum ya yi.
4. Kada mu bar shi shi kaɗai. Mu kai shi asibiti: akwai na masu taɓin hankali a Dawanau, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Annabi Iliya ma ya taɓa roƙon mutuwa a jeji (1 Sarakuna 19). Kafin a yi masa magana mai tsawo, an ba shi abinci da ruwa, ya kuma yi barci.

Tambayoyin tattaunawa
1. Wane wata ne ya fi nauyi a ƙauyenmu?
2. Wa zai riƙa kiran 'yan cin raninmu a waya kowane mako?