Darasin Mako: Kifin Shak da Ruwan da Ke Kusa da Mu

A 'yan kwanakin nan muna yawan ganin bidiyon kifin shak a wayoyin yayyenmu, yana kewaya kwale-kwale ko yana korar masu iyo a bakin teku. Shi ya sa ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta ta ga ya dace mu san wannan kifi, mu kuma auna haɗarinsa da wanda ke ƙofar gidanmu.

Mene ne shak?

Babban kifi ne na teku, kuma akwai irinsa fiye da 500. Ba shi da ƙashi irin na tarwaɗa ko karfasa, jikinsa guringuntsi ne. Haƙoransa jeri-jeri ne, in ɗaya ya faɗi wani ya maye gurbinsa. Yana jin ƙanshin jini a cikin ruwa. Yawancinsu ba ruwansu da mutum. Kaɗan ne ke kai hari, kuma sau da yawa cikin kuskure, idan ruwa ya gurɓace ko gari bai waye sosai ba. An fi samun irin wannan hari a Amurka da Ostireliya da Afirka ta Kudu. Akwai wani iri da ke shiga ruwan kogi, kamar kogin Zambezi.

Mu auna a sikeli

A duk duniya, mutanen da shak ke kashewa a shekara ba su cika wuce goma ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Hausawa sun ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Mu a Batsari da Safana ba mu da teku. Abin da muke da shi shi ne kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini, da gulaben da ke cika da damina, da madatsun ruwa irin su Zobe a Dutsin-Ma da ta Jibiya. Kududdufi yana da rami da laka mai riƙe ƙafa. Gulbi kuma kan kawo ruwa farat ɗaya ko da ba a yi ɗigo a garinku ba, saboda an yi a can sama. A manyan koguna, kamar kogin Kwara a Yawuri, dorina kan kifar da jirgin masunta. Ba mu manta da Bagwai ta Jihar Kano ba, inda a watan Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari, mutane da dama suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya tsararrakinmu. An yi wa jirgin lodi fiye da ƙima.

Abin da za mu kiyaye

1. Kada mu shiga ruwa mu kaɗai, ko ba da sanin iyaye ba.
2. Kada mu tsallaka gulbi yana gudu, ko da za mu makara zuwa makaranta.
3. Jirgin da ya cika, mu jira na gaba, kuma mu sa rigar kariya in akwai.
4. Idan wani na nutsewa, mu yi ihu, mu miƙa masa sanda ko igiya, ko mu jefa masa jarka marar komai mai murfi. Kada mu faɗa masa.
5. 'Yan uwanmu masu zuwa ci-rani Legas su bi umarnin masu gadin bakin teku. Igiyar ruwa mai ja zuwa ciki ta fi shak ɗaukar rai.

Tambayar mako: waɗanne wurare ne masu haɗarin ruwa tsakanin gidanku da makaranta? A rubuto su a kai wa sakataren ƙungiya, za mu liƙa jerin a wannan allo. Allah ya tsare mu, amin.