Harajin Ribar da Aka Bari a Ƙasar Waje: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan darasi ne domin hakimai da malaman ofisoshinsu, saboda wata doka ta haraji da ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 1 ga shekarar 2026 ke nan ta Masihiyya. Ba hakimi ne zai tara wannan haraji ba. Tun 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, wannan kuwa aikin Hukumar Tara Haraji ta Nijeriya ne. Amma har yanzu idan magana ta shige wa attajiri duhu, ƙofar hakimi yakan fara zuwa. Saboda haka ya kamata a same ku da amsa.

1. Asalin Maganar

A zamanin da, kowace ƙofa ta birnin Kano da Sarkin Ƙofarta. Sarkin Ƙofar Kabuga, watau ƙofar nan ta yamma inda hanyar Gwarzo ta fita, ba ya iya faɗin abin da falke ya samo sai ayari ya iso gabansa. Idan falke ya ci riba a Gwanja, ya bar ta can a hannun wakilinsa ana juya ta, to, ba wanda ya gan ta a Kano, balle a ce ya ba da wani abu a kanta.

Fataucin bai mutu ba, kama ya sake. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da ƙafarsa ya yi fataucin goro zuwa ƙasar da ake kira Gana yanzu. Attajiran yau kuwa kamfani sukan kafa a can. Ga misali, kamfanin siminti na Ɗangote yana da masana'antu a Senegal da Habasha da Zambiya da Tanzaniya da Kamaru.

Kamfani a wurin doka mutum ne mai zaman kansa. Ribar da ya ci tasa ce, ba ta zama ta masu hannun jari sai ran da ya raba musu. To, a nan gizo ke saƙar. Idan kamfanin Kano ne ke riƙe da ragamar wani kamfani a ƙasar waje, shi ne mai cewa a raba riba ko kada a raba. In ya ce kada a raba, sai ribar ta yi ta taruwa can shekara da shekaru, ba ta taɓa isowa ƙofa ba.

Tsofaffin malaman jangali sun san irin wannan. Mutum yakan ba da kiwon shanunsa a wata ƙasa, su yi ta haihuwa, ran ƙidaya kuwa ya nuna garke wayam. Amma kowa ya sani shanun nasa ne, maruƙan ma nasa ne.

2. Abin da Doka Ta Ce

Ran 26 ga Yuni, 2025, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Haraji ta Nijeriya. A cikinta an ce, idan kamfanin Nijeriya yana riƙe da ragamar wani kamfani na ƙasar waje, shi kuwa na wajen bai raba riba ba a cikin shekara, to, za a duba abin da zai iya rabawa ba tare da ya cuci harkarsa ba. Kason kamfanin Nijeriya daga cikin wannan za a ɗauka kamar an riga an raba, a haɗa shi da ribarsa ta gida, a yanka masa haraji.

Wannan ba baƙon abu ba ne ɗungum. Tsohuwar dokar harajin kamfanoni ma ta ba Hukuma ikon yin haka ga kamfanin cikin gida wanda mutum biyar ko ƙasa da haka ke riƙe da shi. Abin da ya ƙaru shi ne yanzu hannun doka ya ƙetare iyaka.

3. Yadda Ake Lissafi

A ce akwai wani kamfani mai ofis a Kabuga, yana sayar da hatsi. Ya kafa wani kamfani a Maraɗi tare da waɗansu mutanen can, yana da kashi 60 cikin 100 na hannun jarin. Tun da kasonsa ya wuce rabi, babu gardama ragama tana hannunsa. Na Maraɗi da sefa yake ciniki, amma mun juya kuɗin zuwa naira domin sauƙin lissafi. Alƙaluman duk na misali ne.

Mataki na farko: a nemi ribar shekara. A ce bayan an fitar da kuɗin aiki da abin da gwamnatin Nijar ta karɓa, ribar da ta rage naira miliyan 100 ce, ba a kuwa raba ko kwabo ba.

Mataki na biyu: a cire abin da harka take bukata. A ce kamfanin na Maraɗi zai gina sito, ya sayi mota, ya biya bashin banki, duka naira miliyan 40. Sai a ce 100 a ɗebe 40, saura miliyan 60. Wannan shi ne abin da da an so da an raba.

Mataki na uku: a fitar da kason kamfanin Kabuga. Kashi 60 cikin 100 na miliyan 60 shi ne miliyan 36. Sauran miliyan 24 na mutanen Maraɗi ne, ba ruwan Nijeriya da shi.

Mataki na huɗu: a yanka haraji. Sa'ad da dokar ta fara aiki, harajin manyan kamfanoni kashi 30 cikin 100 ne. Kashi 30 na miliyan 36 shi ne naira miliyan 10 da dubu 800.

Mataki na biyar: a duba rangwame. Ba a son a aske kai ɗaya sau biyu. Saboda haka idan an riga an biya haraji a ƙasar waje a kan wannan kuɗi, akan nemi a rage shi daga na gida, muddin akwai rasit. A ce Hukuma ta yarda da naira miliyan 6. Abin da ya rage a biya shi ne miliyan 4 da dubu 800. Rangwame ba ya wuce harajin gida, watau Gwamnati ba ta mayar wa kowa rara saboda ya biya da yawa a wata ƙasa.

Abin lura: mataki na biyu shi ne wurin gardama. Mai kamfani zai so ya ce duk ribar harka na bukatarta, Hukuma kuwa za ta ce a nuna shaida. Wanda ya ajiye takardar kwangilar gini da ta bashin banki da bayanin taron shugabannin kamfani, shi ke da bakin magana. Wanda ya zo da fatar baki kaɗai, abin da aka yanka masa shi zai ɗauka.

4. Yadda Amurka Ta Yi

Yana da amfani a ga yadda wata ƙasa ta yi da irin wannan matsala. Tun 1962, zamanin Shugaba Kennedy, Amurka ta fara bin waɗansu irin ribar da kamfanoninta ke bari a waje. Duk da haka riba mai yawan gaske ta ci gaba da taruwa can, domin in an kawo ta gida harajin kashi 35 cikin 100 yana jiranta.

A watan Disamba na 2017 sai aka yi sabuwar doka. Aka rage harajin kamfanoni zuwa kashi 21, aka kuma ce duk ribar da ta taru a waje tun bayan 1986 za a ɗauka kamar ta dawo gida, a biya mata haraji sau ɗaya tak. Wanda abin ya shafa shi ne mai kashi 10 cikin 100 ko fiye na hannun jari. Ga kamfanoni, abin da ke ajiye tsabar kuɗi an sa masa kashi 15 da rabi, abin da aka zuba cikin gini da injuna kuwa kashi 8.

Ga misali, kamfanin da kasonsa dala miliyan 1 ne, dala 400,000 tsaba, dala 600,000 kadara, zai biya dala 62,000 da dala 48,000, jimla dala 110,000. An yarda a biya cikin shekara takwas: kashi 8 kowace shekara har biyar, watau dala 8,800 sau biyar, sa'an nan kashi 15, kāna kashi 20, daga ƙarshe kashi 25.

Wani mutum da matarsa, masu suna Moore, sun zuba dala 40,000 a wani kamfani na ƙasar Indiya mai sayar wa ƙananan manoma kayan aiki, suna da wajen kashi 13 cikin 100. Ba a taɓa raba musu ko sisi ba, amma aka ce su biya dala 14,729. Suka biya, suka kai ƙara. Ran 20 ga Yuni, 2024, Kotun Ƙoli ta Amurka ta tabbatar da harajin, alƙalai bakwai sun yarda, biyu sun ƙi. Kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Bambancin shi ne, na Amurka ya waiwayi ribar shekara talatin ne a karo guda, namu kuwa shekara-shekara ake dubawa.

5. Abin da Ake So Ku Faɗa wa Jama'a

Na farko, ku kwantar da hankalin talakawa. Wannan magana ta kamfani ce mai riƙe da wani kamfani a waje. Ba ta shafi ɗan kasuwar da ke kai kaya Maraɗi ya komo ba, ba ta kuma shafi manomi ko makiyayi ba.

Na biyu, duk wanda ya zo gari yana karɓar kuɗi a hannu da sunan wannan haraji, kada a ba shi. A kawo maganarsa gaban hakimi nan da nan.

Na uku, attajirin da abin ya shafa ku shawarce shi ya nemi akanta mai lasin tun kafin shekara ta ƙare, ya kuma ajiye littattafan kamfaninsa na waje kamar yadda yake ajiye na gida. Kada malamin hakimi ya ɗauki alƙalami ya cika wa kowa takardar wannan haraji. Aikinsa shi ne ya bayyana, ya nuna hanya.

6. Aikin Gwaji Domin Malamai

(a) Kamfanin Kano yana da kashi 75 cikin 100 na wani kamfani a Damagaram. Ribar da ba a raba ba miliyan 80 ce, harka na bukatar miliyan 20. Nawa ne kason na Kano, nawa ne kuma harajinsa bisa kashi 30, kafin rangwame?

(b) Idan Hukuma ta yarda da rangwamen miliyan 5, nawa ya rage?

Amsa: (a) miliyan 45, haraji miliyan 13 da dubu 500. (b) miliyan 8 da dubu 500.

Malamin da lissafinsa bai zo daidai ba, ya koma mataki na biyu, domin galibi a nan ake tuntuɓe. Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan takarda a gaban dagatai da masu unguwa ran da suka taru. Allah ya ba mu fahimta, ya ƙara wa ƙasarmu arziki, amin.