Kafin ka ɗora samfurinka gaban na'urar EDS

Kai ɗalibin da ya biyo ta Ƙofar Kwaya da ƙullin tozali a leda, ko farar ƙasar Ƙanƙara a aljihu, kana son madubin ilektiron mai na'urar EDS ya faɗa maka sinadaran da ke ciki, tsaya tukuna.

Ka busar da samfurin sarai. Akwatin na'urar sai an zuƙe iskarsa tas yake aiki, kuma danshi yana ɓata wannan.

Kada ka taɓa shi da yatsa. Gumi gishiri ne, za ka ga sodiyam da kilorin a sakamako ka ɗauka daga dutsen suka fito.

In gari ne, ɗan kaɗan ya isa. Manna shi a tef ɗin kabon, ka kaɗe abin da bai kama ba, domin tagar na'urar da ke karɓar hasken eksire ta fi fatar albasa siranta. Amma kabon ɗin da zai bayyana, kada ka lissafa shi, na tef ne.

Kada ka lulluɓe samfurin da zinari in sinadarai kake nema, yi amfani da kabon. Layin zinari yana kan 2.12 keV, ya danne na makwabtansa, kuma mai haƙar ma'adinai zai tafi gida yana murnar banza.

Kada ka yarda da sunan da kwamfuta ta liƙa wa kowane tsini a sakamakon. Tozalin dutse sau da yawa haɗin dalma ne da farar wuta, layukan su biyun kuwa kusan a wuri guda suke tsayawa: farar wuta a 2.31, dalma a 2.34. Manhaja tana iya kiran ɗaya ta haɗiye ɗayan. Ɗaga ƙarfin wutar zuwa kilobolt 20 ko fiye, ka nemi layin dalma na 10.55. Ba wasa ba ne: gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, tozali kuma idon jariri ake sa wa.

Kada ka rubuta "babu" don na'ura ba ta nuna ba. Abin da bai kai kusan kashi ɗaya cikin dubu ba yakan kuɓuce mata, haidirojin kuwa ba ta ganinsa sam.

Ɗigo ɗaya ba ya wakiltar dutse. Auna wurare da dama, ka ajiye hoton kowanne da lambarsa kafin a ɗauke wuta.